Ma'aikatan jirgin ƙasa na Kaduna Junction

Ma'aikatan jirgin ƙasa na Kaduna Junction su ne ma'aikatan reluwe da suka yi aiki, kuma suka zauna da iyalansu, a kewayen babbar tashar jirgin ƙasa da ke kudu da Kogin Kaduna, cikin birnin Kaduna a Najeriya, tun daga farkon ƙarni na 20. Suna cikin rukunin farko na masu aikin albashi da aka samu a garin. Sun fito daga ƙabilu da addinai daban-daban, kuma da yawansu sun shafe shekara talatin ko fiye suna aikin dogo kafin su yi ritaya.

Ana tunawa da su ta fuska biyu. Ta farko ita ce aikin da suka yi na haɗa Arewa da tashoshin jiragen ruwa na Legas da Fatakwal. Ta biyu ita ce hidimar jama'a da suka riƙa yi bayan tashi daga aiki, ta hanyar ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyoyin 'yan gari, ajujuwan dare, masallatai da coci-coci. Fitaccen misali a wannan fanni shi ne Malam D. A. Rafih, ma'aikacin reluwe wanda ya kafa ƙungiyar Jam'iyyar Mutanen Arewa A Yau a Kaduna a shekarar 1948.

Wurin da suka zauna

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A arewacinsa ne Turawan mulkin mallaka suka kafa ofisoshin gwamnati, barikokin soja da unguwar Turawa. Tashar Kaduna Junction, wadda mutanen gari ke kira tashar jirgi ko reluwe kawai, tana ƙetaren kogin ta kudu. A kusa da ita akwai gidajen ma'aikata, ciki har da unguwar da aka fi sani da Down Quarters, da kasuwar tasha, sai kuma unguwannin Makera, Kakuri da Barnawa. Makera ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu a yau. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne suka daɗe da zama a ƙauyukan wannan yanki kafin zuwan dogo.

Wannan ɓangare na birnin daban yake da yankin da ake kira Kudancin Kaduna, wato garuruwa irin su Kafanchan, Kagoro da Zonkwa, ko da yake layin dogo ya haɗa su.

Zuwan dogo da aikin diga

An fara shimfiɗa layin dogo a Najeriya daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901, sannan Jebba a 1909. A Arewa kuwa, gwamnatin Gwamna Percy Girouard ta fara nata layin a 1907 daga Baro, wani gari a bakin Kogin Kwara, zuwa Kano. Layin ya bi ta Minna, ya ƙetare Kogin Kaduna, ya wuce Zariya, ya isa Kano a 1911. An haɗa layin Legas da na Baro a Minna, kuma a watan Oktoba na 1912 aka haɗe hukumomin biyu suka zama sashen reluwe guda ɗaya na gwamnati. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067.

Da hannu aka yi mafi yawan aikin: sare daji, haƙa, ɗaukar ƙasa a kwando da jera ƙarafa. Turawa sun ɗora wa sarakuna da hakimai alhakin kawo leburori daga ƙasashensu, su kuma suka ɗora wa dagatai da masu unguwanni. Ana biyan leburorin lada da kuɗin Turawa, amma da yawansu ba da son ransu suka zo ba, kuma aikin yakan raba manomi da gonarsa. Daga sunan kayan haƙan da suka yi amfani da shi ne aka samu kalmar aikin diga, su kuma aka riƙa ce musu 'yan diga. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka yi aikin a zamanin sarautarsa kuma a cikin ƙasarsa, ya rubuta waƙa a kan lamarin, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Bayan kammala layin, akasarin 'yan diga sun koma ƙauyukansu. Wasu sun tsaya a sansanonin da ke gefen layi, suka zama leburorin dindindin masu gyaran hanya. Su ne tushen ma'aikatan reluwe 'yan Arewa.

Yadda Kaduna ta zama mahaɗa

Samuwar dogo da ruwan kogi na cikin dalilan da suka sa Lugga ya zaɓi Kaduna ta maye gurbin Zungeru a matsayin hedikwatar Arewa. An kammala ƙaurar gwamnati a 1917.

Abin da ya ɗaga darajar tashar kudu shi ne layin gabas. An fara shi daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916 domin ɗauko kwal. Daga nan aka miƙa shi arewa ta Makurɗi da Kafanchan, har ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna a 1927. An buɗe gadar Makurɗi a kan Kogin Binuwai a 1932. Tun daga lokacin duk jirgin da ya taso daga Kano ko Zariya zuwa kudu sai ya biyo ta Kaduna Junction, inda ake raba hanya: yamma zuwa Minna, Ilori da Legas, ko gabas zuwa Kafanchan, Inugu da Fatakwal. Rassan da aka ƙara daga baya sun ƙara wa mahaɗar aiki, wato na Zariya zuwa Kaura Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, da na Maiduguri wanda aka gama a 1964.

Kayan da ke gangarawa kudu sun haɗa da gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, da shanu. Masu haurowa arewa kuwa akwai goro, gishiri, kananzir, siminti, atamfa da kwal. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda ake kira NRC a taƙaice, ta karɓi aikin daga hannun sashen gwamnati.

Rabe-raben aiki

Aikin tasha irin Kaduna Junction ba ya tsayawa dare da rana, saboda haka ma'aikata karɓa-karɓa suke yi. Manyan sassan aikin su ne:

Sashen zirga-zirga. Shugaban tasha ne ke da alhakin shigowa da fitar kowane jirgi. A ƙarƙashinsa akwai akawunan tikiti da na kaya, masu buga wayar tangarahu, masu ba da sigina, masu juya layi, da masu haɗa taragu da raba su. Gadin jirgi yana tafiya a taragon ƙarshe da tutocinsa, kore da ja, da usur. Da yake layin guda ɗaya ne, jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a tasha, don haka direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa alamar izini ta wannan yanki.

Sashen injuna. Nan ne direbobi suke, da masu zuba kwal a wuta, da masu goge inji, kanikawa da maƙera. Wurin ajiye kawunan jirgi da gyara su shi ake kira loko. A zamanin jirgi mai tururi, kan jirgi yana buƙatar kwal da ruwa mai yawa, don haka akwai tankunan ruwa da masu kula da famfo a manyan tashoshi. An fara kawo injunan dizal a 1955, kuma a hankali suka maye gurbin masu tururi. Manyan ma'aikatun gyara suna Ebute Metta a Legas, da Inugu, da Zariya.

Sashen hanya. Leburori ne ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanta da iyakar layin da aka ba ta. Suna bin layi a ƙafa ko a kan ƙaramin keken turawa, suna ɗaure kusoshi, suna cusa tsakuwa a ƙarƙashin ƙarafa, suna share ciyawa da magudanan ruwa. Damina ce lokacin da aikinsu ya fi tsanani, domin ruwa kan kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi. Saboda ɓarnar gara, an fi amfani da matasan layi na ƙarfe maimakon na katako a wurare da dama.

Ban da waɗannan akwai kafintoci, magina, masu aikin lantarki, masu gadi, 'yan dako da ma'aikatan asibitin reluwe.

Rayuwar ma'aikaci daga ɗauka zuwa ritaya

A zamanin mulkin mallaka manyan muƙamai na Turawa ne. Akawuna, direbobi da masu sana'ar hannu akasarinsu sun fito ne daga kudancin Najeriya, wasu kuma daga Saliyo da Gana, saboda makarantun mishan sun riga kafuwa a can. Hausawa, Nupawa, Gbagyi, Tibi da mutanen Kudancin Kaduna sun fi yawa a aikin ƙarfi da gyaran hanya. Wannan tsari ya fara sauyawa a shekarun 1950, lokacin da aka fara miƙa muƙamai ga 'yan ƙasa kuma 'yan Arewa masu ilimin zamani suka ƙaru.

Babban bambanci a tsakanin ma'aikata shi ne na mai ladan yini da na ma'aikacin dindindin. Mai ladan yini ana iya sallamarsa a kowane lokaci, kuma ba shi da fansho. Wanda aka tabbatar da shi yana da albashin wata, hutun shekara, takardar shiga jirgi kyauta shi da iyalinsa lokacin hutu, magani a asibitin reluwe, da fatan samun ɗaki a kwatas. Mutum kan yi shekaru yana ladan yini kafin a tabbatar da shi.

Hawa mataki yana ɗaukar lokaci. A sashen injuna yaro kan fara da goge inji, ya zama mai zuba kwal, ya zama direban jan taragu a cikin tasha, sannan direban jirgin kaya, kafin a ba shi jirgin fasinja. Kowane mataki yana da jarrabawar dokokin aiki da gwajin ido. Canjin wurin aiki ma ɓangare ne na rayuwar ma'aikaci: wanda ya fara a Kaduna yana iya zama a Minna, Kafanchan, Offa ko Gusau kafin ya dawo. Wannan ya sa ma'aikata da 'ya'yansu kan ji harsuna da yawa. Hausa da Turancin buroka su ne harsunan da aka fi amfani da su a wurin aiki da cikin kwatas.

Matan ma'aikata sun taka rawa a tattalin arzikin gida da na tasha. Suna sayar da abinci ga fasinjoji da leburori, wasu kuma suna fataucin goro, manja, garin rogo, busasshen kifi da wake tsakanin tashoshi. A lokacin yajin aiki ko jinkirin albashi, cinikinsu ne ke riƙe gida.

Ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki

Ma'aikatan reluwe ne suka jagoranci gwagwarmayar ƙwadago a Najeriya. Bayan dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938, ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta farko da aka yi wa rajista, a watan Janairu na 1940, ƙarƙashin Michael Imoudu, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 2005. A 1941 ya jagoranci ma'aikata zuwa gidan gwamna a Legas don ƙin amincewa da tsarin biyan lada bisa awa. A 1942 ma'aikata suka samu alawus na tsadar rayuwa, a 1943 kuma gwamnati ta tsare Imoudu, ba ta sake shi ba sai 1945.

A ranar 22 ga Yuni 1945 aka fara yajin aikin gama-gari na farko a ƙasar, kan neman ƙarin alawus saboda hauhawar farashi da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo. Ma'aikata aƙalla dubu 30 ne suka shiga, kuma yajin ya ɗauki kimanin kwana 44 a Legas. Ya bi layin dogo ya iso Kaduna, Zariya da Kano, domin ma'aikatan jirgi da na waya su ne ke ɗaukar labari daga tasha zuwa tasha. Kwamitin Tudor Davies da aka kafa bayan yajin ya amince da a yi ƙari. An sake yin wani yajin gama-gari a watan Yuni na 1964 kan rahoton kwamitin Morgan game da albashi.

Bayan sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago a 1978, an haɗa ƙananan ma'aikatan reluwe a ƙungiya ɗaya. Daga cikinta ne Pascal Bafyau, ɗan jihar Adamawa, ya fito ya zama shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, daga 1988 zuwa 1994.

A matakin reshe, aikin ƙungiya na sa-kai ne. Sakataren reshe ma'aikaci ne kamar kowa, wanda bayan tashi daga aiki yake karɓar kuɗin wata, ya rubuta wa abokan aiki takardar koke, ya raka wanda aka tuhuma gaban shugabanni, ya bi wa matar mamaci haƙƙin mijinta. A nan ne ma'aikata da dama suka koyi shirya taro, rubuta bayanan taro da riƙe asusu, kuma suka kai wannan ƙwarewa cikin unguwanninsu.

Hidimar jama'a

Kaduna gari ne na baƙi. Wanda ya zo aiki ya bar danginsa a nesa, kuma gwamnatin mulkin mallaka ba ta tanadar wa ma'aikacin Afirka komai ba idan ya rasu ko ya rasa aiki. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin sa-kai suka cike. Ma'aikatan reluwe sun kasance a sahun gaba saboda dalilai uku: suna da albashi mai zuwa kowane wata, da yawansu sun iya karatu da rubutu, kuma suna da hanyar aika saƙo da kuɗi zuwa gida ta hannun abokan aikinsu da ke cikin jirgi.

Ƙungiyoyin 'yan gari sun tara mutanen da suka fito daga wuri ɗaya. Suna saukar da sabon zuwa, su nema masa aiki, su sasanta rikicin aure da na bashi, su ɗauki nauyin jana'iza ko mayar da gawa gida, wasu kuma su tara kuɗin makarantar yara masu ƙoƙari. Adashi na ƙarshen wata ya bai wa ma'aikata damar sayen keke, keken ɗinki ko fili. Daga baya aka samu ƙungiyoyin ajiya da lamuni masu rajista.

Ta fuskar addini, ma'aikata sun tara kuɗi da ƙarfi wajen gina masallatai, makarantun allo da Islamiyya, da coci-coci a kusa da kwatas. Da yawa sun zama ladanai, limaman unguwa, dattawan coci ko malaman ajin Lahadi ba tare da albashi ba. A shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da shirin Yaƙi da Jahilci, akawuna kan koyar da leburori karatu da rubutu da yamma. Kulob ɗin reluwe kuma ya zama wurin ƙwallon ƙafa, wasanni, bukukuwan aure da tarukan unguwa.

Bayan ritaya, tsohon ma'aikacin da ya gina gida a Makera, Kakuri ko Barnawa yakan ci gaba da wannan hidima a matsayin dattijon unguwa: shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ma'ajin masallaci ko coci, mai shirya aikin gayya na yashe kwata kafin damina, ko wakilin 'yan fansho.

Malam D. A. Rafih

Malam D. A. Rafih babban ma'aikaci ne a sashen zirga-zirga na reluwe, kuma yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da suka kai irin wannan matsayi a shekarun 1940. A watan Oktoba na 1948 ya kira taron 'yan Arewa masu ilimin zamani a otal ɗin Green's da ke Kaduna, inda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa A Yau. A daidai wannan lokaci Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, ya tara irin wannan ƙungiya a Zariya. Ba a daɗe ba ƙungiyoyin biyu suka haɗe da sunan Jam'iyyar Mutanen Arewa, Dokta Dikko ya zama shugaba.

An yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yuni na 1949. A lokacin ƙungiyar al'adu da wayar da kai ce, kuma ta bayyana cewa abubuwa uku take yaƙa: jahilci, lalaci da zalunci. Abubakar Imam, Sa'adu Zungur, Aminu Kano da Yusuf Maitama Sule suna cikin waɗanda suka yi aiki a cikinta a farkon kafuwarta. Masu ra'ayin sauyi sun kafa NEPU a Kano a ranar 8 ga Agusta 1950. A watan Oktoba na 1951 aka mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa, wato NPC, wadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka jagoranta har zuwa samun 'yancin kai. Da yake doka ta hana ma'aikatan gwamnati shiga siyasar jam'iyya, jagoranci ya fita daga hannun ma'aikatan da suka kafa ta, Dokta Dikko ma ya sauka daga shugabanci.

Wannan ne ya sa sunan Rafih bai yi tashe kamar na 'yan siyasar da suka biyo baya ba, duk da cewa littattafan tarihin siyasar Arewa suna ambatonsa a cikin waɗanda suka aza harsashin ƙungiyar. Labarinsa ya nuna yadda ƙungiyar sa-kai ta ma'aikata a Kaduna ta zama ɗaya daga cikin tushen jam'iyyar da ta mulki Arewa da tarayya a Jamhuriya ta Farko.

Masaƙu da bunƙasar kudancin birnin

Kusanci da dogo ne ya sa aka ware Kakuri don masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, sai Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. An kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Dubban ma'aikata suka ƙaru a Makera, Kakuri da Nasarawa. 'Ya'yan ma'aikatan reluwe da dama sun shiga masaƙa, kuma al'adar ƙungiya da adashi ta bi su can.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa

Kashe-kashen da aka yi wa 'yan yankin Gabas a garuruwan Arewa a 1966 sun shafi ma'aikatan reluwe ƙwarai, domin Ibo na da yawa a cikin direbobi, kanikawa da akawuna. Waɗanda suka tsira sun koma Gabas, da yawansu a cikin jirgin ƙasa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse layin gabas, kuma hukumar ta rasa ƙwararrun ma'aikata da taragu. An yi gaggawar horar da sababbi don cike guraben. Bayan yaƙi wasu daga cikin tsofaffin sun dawo bakin aikinsu, wasu kuma ba su sake komowa ba.

Koma-baya, fansho da gidaje

A 1964 jiragen ƙasa na Najeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Cikin shekara goma adadin fasinja ya faɗi ƙasa da rabi. Dalilan sun haɗa da ɓarnar yaƙi, faɗuwar noman gyaɗa bayan farin shekarun 1970, karkatar kuɗin gwamnati zuwa manyan tituna a zamanin arzikin man fetur, gasar manyan motoci, da rashin gyaran layi da injuna. Daga 1979 zuwa 1982 an miƙa gudanar da hukumar ga kamfanin RITES na Indiya, abubuwa suka ɗan farfaɗo, sannan suka sake lalacewa. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara, amma jirage ba su dawo yadda suke a da ba.

Ma'aikata ne suka fi jin jiki. An yi ta rage su daga ƙarshen shekarun 1980, albashi ya riƙa makara, 'yan fansho kuma suka shafe watanni suna bin bashi. Rufe masaƙu ya ƙara tsananta lamarin: Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles a 2007, don haka gida ɗaya kan ƙunshi uba mai jiran fansho da ɗa wanda aka sallama. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin tara kuɗi tsakanin ma'aikaci da hukuma, yayin da waɗanda suka yi ritaya a tsohon tsari suka koma ƙarƙashin hukumar PTAD.

Batun gidajen kwatas ma ya daɗe yana jawo taƙaddama tsakanin hukumar, ma'aikata da 'yan fansho, musamman bayan gwamnatin tarayya ta fito da manufar mayar da alawus kuɗi da sayar da gidajen gwamnati a 2003. Kamfanin da ke kula da filaye da gidajen reluwe a faɗin ƙasar, Railway Property Management Company, yana da hedikwatarsa a Kaduna.

Rabuwar unguwanni

Rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na 2000, da rikicin gasar sarauniyar kyau na Nuwamba 2002, sun sauya zaman birnin. Kiristoci da yawa sun bar arewacin kogi suka koma unguwannin kudu irin su Sabon Tasha, Television da Narayi, Musulmi da yawa kuma suka ƙaura zuwa Tudun Wada, Rigasa da sauran unguwannin arewa. Makera, Kakuri da Barnawa suna cikin wuraren da har yanzu ake samun mabiya addinan biyu. Zaman cuɗanya irin na kwatas, inda maƙwabtaka ke bin matakin aiki ba ƙabila ko addini ba, ya ragu sosai idan aka kwatanta da shekarun baya.

Halin da ake ciki

An sake buɗe zirga-zirgar fasinja tsakanin Legas da Kano a tsohon layi a watan Disamba na 2012 bayan gyara, amma ba ta ɗore yadda aka yi fata ba. A ranar 26 ga Yuli 2016 aka ƙaddamar da sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, mai tsawon kilomita 186. Tasharsa tana Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, don haka hada-hadar fasinja ta bar Kaduna Junction. An dakatar da jirgin bayan harin ranar 28 ga Maris 2022, wanda aka kashe mutane aka kuma sace fasinjoji da dama, sannan ya dawo aiki a ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar. An aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano mai faɗi a watan Yuli na 2021, kuma gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi ikon gina layin dogo nasu.

Tsohuwar tasha, kasuwarta da gidajen kwatas suna nan a kudancin kogi. Ma'aikatan da suka yi aiki a zamanin jirgi mai tururi sun ragu ƙwarai, kuma mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsu yana hannun iyalansu, ƙungiyoyin 'yan fansho, da takardun gwamnati da ke ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Duba kuma

Kaduna
Kaduna ta Kudu
Kafanchan
Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya
Michael Imoudu
Jam'iyyar Mutanen Arewa
Aliyu Ɗansidi